CISM, CISSP ko CEH: wacce za ka zuba wa kuɗinka?

Duk wanda ya daɗe yana aikin tsaron kwamfuta a Kano, a banki ko kamfanin sadarwa, har ya fara hangen kujerar shugaban sashe, dole ya nemi takardar ƙwarewa, irin su CISM, CISSP ko CEH. Da dala ake biya, don haka a bi a hankali.

Ni dai CISM, takardar gudanar da tsaron bayanai, nake ba da shawara. Ƙungiyar ISACA ce ke bayar da ita, jarrabawarta tambaya 150 ce cikin awa huɗu, kuma babu ruwanta da ko ka iya kutse. Irin abin da take son ji daga gare ka shi ne: an wayi gari ɓarayin intanet sun kulle bayanan kwastomomi, wa za ka fara kira, me za ka faɗa wa masu kamfani, nawa za a yi asara in aka kashe na'urori wuni guda? Aikin shugaba ke nan. Tun da Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna naɗa babban jami'in tsaron bayanai, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wanda ya iya zama da manya ake nema. Sharaɗin CISM shekara biyar a fagen tsaron bayanai, uku daga ciki a ɓangaren gudanarwa. Kana iya rubuta jarrabawar kafin su cika, takardar ce za ta jira ka.

CISSP ta ƙungiyar ISC2 tana da martaba, sai dai fage takwas ne, faɗinta ya yi wa mai aiki da iyali yawa. CEH, takardar kutse na halal don gano raunin tsaro, ta masu farawa ce. Mai son binciken waya da kwamfuta don kai shaida kotu ya duba takardar CHFI, amma ya fara haddace sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, wanda ya shafi shaidar da aka ciro daga kwamfuta.

Inda na fi so a buɗe ido shi ne wajen biyan kuɗi. Wata cibiya a garin nan ta taɓa karɓar kuɗina har da na jarrabawa, ranar kammalawa aka miƙo mini kwali mai zanen zinare da ke cewa na halarci horo. Halarta kawai! Kafin ka ba kowa ko sisi, ka tambaye shi: kuɗin nan har da rajista? A ina zan ga sunana? Ka buɗe asusunka da kanka a shafin ISACA, da imel ɗinka, kada wani ya ce zai buɗe maka. Malamin ma ya ba ka lambar takardarsa ka tantance a can. In ya fara kame-kame, ka ɗauki takalminka.

Akwai kuma masu tallar "tambayoyin da za su fito" a WhatsApp, da masu cewa ka kawo kuɗi a rubuta maka daga wata ƙasa. In aka gano, soke sakamakon ake yi. In ba a gano ba, sirrinka na hannun ɗan damfarar da ya san sunanka da inda kake aiki, kuma zai dawo neman ƙari ranar da ya ji an ba ka muƙami.