Ranar da direban bas ya ƙi karɓar kuɗina a Luksamburg

Shekarata tara a Liyej, ƙasar Beljiyam, amma ban taɓa ɗaukar iyali mun fita yawon buɗe ido ba sai hutun watan Agustan nan. Maƙwabcina Bature, wanda muke aiki tare a ma'ajiyar kaya, shi da matarsa suka matsa mana mu je Luksamburg mu yi kwana uku. Ni da uwargida da yara uku, ga su biyu, mu bakwai ke nan. Ƙasar ƴar mitsitsiya ce, tsawonta kilomita 82, faɗinta 57. Wanda ya tashi daga Maradi za shi Tasawa, da a can ne, ya fita ƙasar tun bai isa ba. Jihar Maradi kaɗai ta yi goma sha shidanta.

Mun yanki tikitin jirgin ƙasa daga Liyej, muka sauka a wani gari da ake kira Etelburuk. Daga nan za mu shiga bas zuwa Biyanden, inda wata tsohuwar fadar sarakuna take bisa dutse. Da bas ta tsaya na ce wa abokina ya bar mini wannan, tunda shi ya saya mana shayi a tasha. Na shiga gaba, na zaro takardar yuro 50, na miƙa wa direba, na ce mutum bakwai. Ko kallon kuɗin bai yi ba, sai ya kaɗa hannu, wai in wuce. Na sake miƙawa. Ya sake kaɗa hannu, wannan karon a ƙage, don akwai mutane a bayana.

Wanda bai zauna ƙasar Turawa da baƙar fata ba, ba zai gane abin da ya taso mini a ƙirji ba. An taɓa ajiye mini canji bisa tebur don kada hannu ya taɓa hannu. An taɓa ce mini an riga an kama ɗakin haya, alhali allon yana liƙe a taga har bayan wata guda. Duk suka dawo mini lokaci ɗaya, ga ƴaƴana tsaye suna kallo. Na ɗaga murya da Faransanci na ce, kuɗin nawa ne ba su karɓuwa? Uwargida ta jawo rigata tana cewa, "Baban yara, don Allah ka yi haƙuri, mu sauka." A nan ne direban ya juyo ya dube ni da kyau, ya ce, "Maigida, ai ba a biya. Kyauta ne ga kowa da kowa. Ku zauna."

Na zauna jikina a sanyaye, takardar tana hannuna. Abokina ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce ya ɗauka na sani. Tun ranar 1 ga Maris 2020 ba a biyan kuɗin bas, ko jirgin ƙasa, ko jirgin cikin gari da suke kira taram, a duk faɗin ƙasar, kuma su suka fara yin haka a duniya. Sai wanda ke son kujerar manya a jirgin ƙasa, shi ne zai biya. Baƙo da ɗan gida duk ɗaya. Dalilinsu kuwa shi ne motoci sun yi musu yawa: mutum sama da 200,000 ne ke shigowa aiki kullum daga Faransa da Beljiyam da Jamus, hanyoyi na cushewa safe da yamma. Kuma dama abin da ake tarawa daga tikiti bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ake kashewa kan sufurin ba, sai suka ce a ƙarasa shi daga haraji.

Kyautar ba ita ta fi tsaya mini a rai ba, yadda bas ɗin take ne. Kujeru ba yaga, ba wanda ya rubuta sunansa a jikin gilashi, ƙasa ko ɓawon gyaɗa babu. Lokacin da aka rubuta a allo, a shi ta tashi, da mu da wasu ƴan tsiraru, sauran kujeru fanko. A wata tsayawa wata tsohuwa ta zo a keken marasa ƙafa, direban nan da na yi wa tsawa ya sauko da kansa ya shimfiɗa mata wani faranti na ƙarfe, ya turo ta ciki, ya tabbata ta zauna daidai kafin ya ja. Ni kuwa Inna nake gani. Shekarar da ciwon ƙafarta ya tashi, a bayan kabu-kabu muke ɗora ta zuwa asibiti, ƙanena ya riƙe ta daga baya, su uku bisa babur ɗaya cikin yashi. Sau nawa ta ɗaga ranar ganin likita saboda kuɗin zuwa da dawowa? Matan Jiratawa masu kawo zogale da tumatir kasuwa, ku tambaye su nawa ke saura bayan sun biya kuɗin mota da na kaya.

Na san abin da za ku ce: su masu kuɗi ne. Gaskiya ne, birninsu cike yake da bankuna, ba na kuma cewa gobe a mai da adaidaita kyauta a Maradi. Amma ba kuɗi ke hana mutum farke kujera ba. Mu da an ce kayan gwamnati ne, shi ke nan ya zama marar uwa marar uba. A kafa famfo a unguwa, kafin damina a kwance kansa. A sa fitilar sola bakin titi, a wayi gari ba batir. Tebura a lakwal, ledoji a Gulbi, duk mun gani muna wucewa, wanda ya yi magana a ce shi ya fi kowa iyayi. Wannan ba talauci ba ne, kuma yana ci mini rai domin na san mutanenmu: ɗan Maradin da ba zai bari a taɓa buhu ɗaya a shagonsa ba, shi ne zai ga ana sace kan famfo ya kau da kai.

Kada ku zaci aljanna muka je. Ƙaramar kwalbar ruwa yuro 4 aka kawo mana a gidan abinci, sama da jaka biyu da rabi. Naman da zuciya za ta natsu da shi sai an sha yawo, yara suka ƙare da dankali da kifi kwana uku. Azahar a gefen wurin ajiye motoci na yi ta, bisa jarida. Da aka kawo lissafin abinci, matar abokina ta fito da waya tana raba wa kowa nasa har da tsaba, mutanen kirki ne amma abin bai zauna mini ba. A cikin bas ɗin nan mai tsabta na yi sallama ba wanda ya ɗago kai. Na tuna motar Madarunfa, a matse kamar buhunan gawayi, amma kafin a isa tabki ka san sunan kowa, wani ya miƙo maka goro, wata ta ɗora maka jaririnta a cinya.

Ranar ƙarshe muka gangara Shengen, a bas kuma, kyauta. Sunan nan da ke hana ƴan kasuwarmu barci in suna neman biza, ashe ƙauye ne bakin kogin Mozel, bai kai unguwar Zariya ba. A nan ƙasashe biyar suka sa hannu cikin wani jirgin ruwa a 1985 kan buɗe iyakokinsu. Muka taka gada da ƙafa muka shiga Jamus muka dawo, ba wanda ya ce mana uffan. Na ba abokina labarin Ɗan Isa da Jibiya, da yadda rufe iyaka a 2019 ya karya mutane, alhali uwa tana Katsina ɗiya tana Maradi. Ya kasa ganewa, ni ma na kasa fahimtar da shi. Na dai gaya masa ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa garinmu, kuma ina roƙon Allah in ga ranar da zan shige shi da yaran nan.

Takardar yuro 50 ɗin ta kwana uku a aljihuna ba a taɓa ta ba. Da muka koma Liyej na aika da ita gida, ta tashi jaka 32 da ɗoriya. Na kira ƙanena na ce masa ba ta cefane ba ce. Duk ranar da Inna za ta ga likita a ɗauko mata adaidaita har ƙofar gida, ita da shi kaɗai, kada a sake ɗora ta a babur.