Launin kabad ɗin kicin: wanne ne ba ya tsufa?

Bangon kicin ana iya sake masa fenti cikin yini biyu, in launin bai yi ba a sake wani. Kabad ba haka yake ba. Da zarar kafinta ya kafa shi, an ɗora dutsen kanta, wato shimfiɗar da ake aikin girki a samanta, an haɗa famfo, to an ɗaura aure ke nan na shekara goma sha biyar ko fiye. Kuma shi ne ke cinye mafi yawan abin da ido ke gani in an leƙa kicin. Shi ya sa mai gyaran gida ke tsayawa a gaban katunan fenti yana tambayar abu guda: wane launi ne zan zaɓa yau, bayan shekara goma ban ji kunyarsa ba?

Kafin amsa, a ɗan waiwaya. A Amurka, cikin shekarun 1970, koren fiya da rawaya mai duhu su ne ado, har firiji da murhu da launin ake yin su. Shekarun 1980 da 1990 aka koma katakon itacen oak mai ruwan zuma. Bayan 2000 sai katako mai duhu, ja-ja ko ruwan gahawa, ya karɓe kasuwa. Shekarun 2010 kuma ruwan toka ya mamaye ko'ina. Kowanne a zamaninsa an ce shi ne mai ɗorewa, kowanne kuma yau ana kallonsa a faɗi shekarar da aka yi kicin ɗin. Kamfanonin fenti su ma suna hura wutar. Sherwin-Williams ya ce launin shekarar 2016 wani fari ne mai suna Alabaster, a 2020 ya ce shuɗi mai duhu ne, Naval, a 2022 kuma kore mai toka-toka, Evergreen Fog. Shekara shida, launi uku da ba su haɗa hanya ba. Wanda ke bin wannan yayi da kabad ɗinsa, kafinta ne zai ci riba.

Ni a ganina babu wani launi da aka haifa da rashin tsufa. Abin da ke sa launi ya daɗe abu biyu ne: ya dace da abubuwan da ba za ka canza ba, wato tayil ɗin ƙasa da dutsen kanta da hasken da ke shiga ɗakin, sannan ya iya ɗaukar maiƙo da tururi da hannun mutane ba tare da ya munana ba. Da wannan ma'auni zan auna su.

Akwai wata lamba da ke taimakawa, wadda yawancin masu saye ba sa kula da ita. A bayan katin fenti na manyan kamfanoni za ka ga haruffan LRV da lamba daga 0 zuwa 100. Tana nuna yawan hasken da launin ke mayarwa: 0 baƙi ƙirin, 100 fari fat. Alabaster yana da 82, Evergreen Fog 30, Naval kuwa 4 kacal. Ma'ana, kabad mai launin Naval yana shanye kusan duk hasken da ya sauka a kansa. In kicin ɗinka taga ɗaya ce ƙarama, wannan lambar ta riga ta yanke maka rabin hukunci.

Fari da danginsa

Fari ne ya fi kowa daɗewa a fagen nan, kuma dalilin a fili yake. Yana buɗe ƙaramin ɗaki, yana zama lafiya da kowane tayil, kuma in ka gaji da kicin ɗin, sauya mariƙan ƙofofi da fentin bango ya isa ya zama sabo. Ranar da za a sayar da gidan ko a ba da shi haya, da wuya wani ya juya saboda farin kabad.

Sai dai fari ba ɗaya ba ne, kuma a nan ake faɗawa rami. Akwai fari mai sanyi, wanda ke da ɗigon shuɗi ko toka a ƙarƙashinsa, akwai fari mai ɗumi, wanda ya karkata zuwa ruwan madara. A tsarin launuka na RAL, wanda Jamusawa suka kafa a 1927 kuma masana'antun kabad da yawa ke amfani da shi, RAL 9016 fari ne tas, RAL 9010 ya ɗan fi shi taushi, RAL 9001 kuwa ruwan madara ne sosai. A kati ɗaya-ɗaya duk fari ne. Ka jera su kusa da juna ka ga bambanci. Matsalar tana fitowa idan aka haɗa jinsin biyu: kabad ruwan madara a gefen farin dutse mai sanyi, sai kabad ɗin ya yi kamar ya yi dauɗa tun ranar da aka kafa shi. Farin tas kuma a kan tayil mai ruwan ƙasa yakan yi kama da ɗakin asibiti. Idan ƙasan kicin ɗinka da dutsen kanta suna da ɗumi, to farin ma ya zama mai ɗumi. Idan mabul ne mai jijiyar toka, farin mai sanyi ya fi.

Fari yana tona asirin duk wani ɗigon miya da ya fantsama, wannan kowa ya sani. Amma yana ɓoye ƙura da shatin yatsu fiye da launi mai duhu, abin da ba a cika faɗa ba. Babban abokin gabarsa shi ne komawa rawaya. Fentin mai, irin wanda ake sirkawa da tina, yana rawaya da shekaru, musamman a wuraren da rana ba ta kaiwa, kamar cikin ƙofa da lungun da ke bayan firiji. Fentin ruwa na akirilik da fentin feshi na masana'anta mai haɗi biyu sun fi riƙe farinsu. Don haka kafin ka ce wa mai fenti “fari nake so”, tambaye shi wane irin fenti zai sa.

Katako da launinsa na asali

Wannan ne zaɓin da na fi so, in aljihu ya yarda. Katako ba launi ɗaya ba ne, jijiyoyinsa suna rarraba ido, don haka ƙaramin ƙarce ko tabo yana ɓacewa a ciki. Fenti in ya ɓantare sai ya nuna, katako kuwa in ya bugu sai ya ƙara kama da kansa.

To me ya sa kabad ɗin shekarun 1990 ya tsufa, alhali katako ne? Ba itacen ne ya tsufa ba, abin da aka shafa masa ne: rini mai ruwan lemo, da man sheƙi mai kauri wanda ya ƙara rawaya da shekaru, ga kuma ƙofofi masu lanƙwasa da ado. Katakon da ke daɗewa shi ne wanda aka bari kusa da yadda yake, ba fari sosai ba, ba duhu sosai ba, da shafi marar ƙyalli.

Ka kuma sani katako yana tafiya da rana. Ceri yana ƙara duhu da ja, kuma mafi yawan sauyin cikin shekarar farko yake faruwa. Maɗaci shi ma yana ƙara nuna. Mafal, wanda ke farawa kusan fari, yana komawa ruwan zuma. Walnot kuwa akasin haka, duhunsa yana ɗan koɗewa. Saboda haka samfurin da aka nuna maka sabo ba shi ne abin da za ka zauna da shi ba. In da hali, ka nemi ganin tsohon aiki na irin itacen. Kuma idan ƙasan kicin ɗin ma katako ne ko tayil mai zanen katako, kada su zo kusa da juna a launi ba tare da sun zama ɗaya ba. Ko su yi daidai, ko su rabu sarai.

Ruwan toka kuwa ya ci zamaninsa. Mai sanyin, wanda ya karkata zuwa shuɗi, yanzu yana ɗauke da tambarin shekarun 2010 a goshinsa. Wanda ya tsira shi ne tokan da aka sirka da ruwan ƙasa, irin su Agreeable Gray na Sherwin-Williams mai LRV 60, domin yana zama da katako, yana zama da ƙarfe, kuma ya fi fari haƙurin dauɗa. Amma toka maƙaryaci ne. Na taɓa zaɓen wani daga kati mai faɗin tafin hannu, a ƙarƙashin fitilun kanti ya yi kyau, da aka fesa shi aka kunna kwan kicin da dare sai ga shi ya koma kamar shunayya. Launi ɗaya, haske daban.

Shuɗi mai duhu da kore su ne ke jan zuciya, kuma ba sababbin shiga ba ne a kicin. Kicin ɗin Frankfurt da mai zanen gine-gine Margarete Schütte-Lihotzky ta tsara a Jamus a 1926, wanda aka kafa a gidaje kusan 10,000 kuma ake ɗauka kakan kabad ɗin zamani, da yawansa shuɗi mai kore-kore aka yi musu, saboda a lokacin an yi imani ƙuda ba ya son launin. Irin waɗannan launuka suna daɗewa idan an dusashe su da toka ko baƙi. Koren ganye busasshe da shuɗin da ya kusa baƙi ba sa gajiyar da ido. Kore shar ko shuɗi mai haske kuwa shekara uku ya isa ka fara kau da kai. Sharaɗinsu haske: babbar taga, ko fitilu a ƙarƙashin kabad na sama.

Baƙi kyan ɗan maciji ne. A hoto babu kamarsa. A gida kuwa kowace ƙura, kowane shatin yatsa mai maiƙo, kowane busasshen ɗigon ruwa sai ya fito a kansa, kuma in ya ɓantare a gefe farin da ke ƙasa ya leƙo. Wanda ba ya girki kullum, ko yake da mai goge masa, ya saya.

Mafita ga mai son duhu amma yana tsoro ita ce raba launi: na ƙasa mai duhu ko katako, na sama fari. Yana da hujja a aikace, domin kabad na ƙasa ne ke shan bugun ƙafa da tsintsiya da hannun yara, na sama kuma shi ke daidai ido, shi ke mayar da haske. Idan kicin ɗin yana da teburin aiki a tsakiya, nan ne wurin da ya fi dacewa a gwada launin da ake marmari, don in an gaji da shi ƙofofi kaɗan za a sake fesawa. Launi biyu sun isa. Na uku ya fito daga tayil ko mariƙai.

Ƙyalli ma yana sauya launi. Mai sheƙi kamar madubi yana ƙara haske, yana da sauƙin gogewa, amma yana nuna yatsu da ƙananan ƙarce, musamman in launin mai duhu ne. Marar ƙyalli sam yana da kyan gani, sai dai fenti na gama-gari irin wannan yana riƙe maiƙo, in ka dirje da soso kuma wurin ya yi sheƙi shi kaɗai. Na tsakiya, mai ɗan ƙyalli kamar ɓawon ƙwai, shi ya fi zama lafiya da kowane launi. Haka nan abin da ke ƙarƙashin fentin. Katako zalla yana kumbura yana tsukewa da laima, don haka ƙofar da aka yi wa fenti takan tsage siriri a mahaɗa, kuma a kan fari tsagar ta fi fitowa. Allon MDF, na garin katako da aka matse, ba ya motsi haka, fenti ya fi kwanciya a kansa, amma in ruwa ya shige shi ta gefe ya kumbura ba ya komawa. Ƙofofin da aka lulluɓe da ledar roba launinsu bai-ɗaya ne, sai dai kusa da murhu zafi kan ɗaga ledar, kuma ba a gyara ta da fenti cikin sauƙi. Siffar ƙofar ma tana da nata: shafaffiya sumul, ko mai firam murabba'i marar ado irin ta Shaker, sun fi masu sassaƙa jure sauyin yayi, sun kuma fi sauƙin gogewa.

Yadda za ka yanke hukunci kuwa, tsarin ya fi launin muhimmanci. Fara zaɓen dutsen kanta da tayil, domin launukansu ƙidayayyu ne, fenti kuwa dubbai ne, kuma ana iya haɗa shi ya bi su. Sannan ka tsayar da irin kwan fitilar da za ka sa, ka duba lambar K ɗinsa, wadda ke nuna launin haskensa. Mai 2700K haskensa rawaya-rawaya ne, yana ƙara wa ruwan madara rawaya, yana kashe shuɗi. Mai 6500K fari ne mai shuɗi-shuɗi, yana sa katako ya yi fayau. Tsakanin 3000K da 4000K ya fi yi wa yawancin launuka adalci, kuma a nemi wanda lambar CRI ɗinsa ta kai 90, don launi ya fito yadda yake.

Bayan haka ka rage zaɓinka zuwa uku, ka sa a yi maka samfurin kowanne a kan allo mai girman ƙofar kabad, da ainihin fentin da ainihin ƙyallin da za a yi aikin da shi. Jingina su a tsaye, ba a kwance ba, domin a tsaye kabad zai zauna kuma haske daban yake sauka a kansa. Sa gutsuren dutsen da tayil ɗin a gefensu. Duba da safe, duba da azahar, duba da dare fitila a kunne, har kwana uku. Shafa musu ɗan mai da yatsa, ka bar shi ya kwana, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma ka ga wanda ya bar shati. In an gama aikin, ka karɓi lambar fentin a rubuce da ragowar gwangwani ɗaya don cike ɓantara, kuma kada a dirje ƙofofin da sabulu mai ƙarfi a makonnin farko, domin fentin ruwa yakan ɗauki kusan kwana 30 kafin ya gama taurara.