Kafin Ka Sayi Takalmin Gudu a Legas, Ka San Saurinka

Duk wanda ya taɓa bi ta gadar Lekki-Ikoyi da sassafe ranar Asabar ya ga yadda masu motsa jiki ke cika ta. Matasanmu na Obalende da Idi-Araba ma sun shiga sahu, musamman idan Fabrairu ta gabato, watan tseren Lagos City Marathon da aka fara a 2016. Abin da ke damuna shi ne takalman da ke ƙafafunsu: da yawa sun sayi na zakarun tsere, alhali sassarfa suke yi.

Gudu aikin gayya ne tsakanin idon sawu da gwiwa da kwatangwalo. A sassarfa, idon sawu da naman sha-raɓa ne ke tura jiki gaba, gwiwa kuma ta shanye dukan ƙasa, wanda kan kai ninki biyu ko fiye na nauyin mutum a kowane taku. Sai gudu ya yi tsanani sosai kwatangwalo ke karɓar ragama. Takalmi kuwa yana sauya wannan rabon aiki, don haka kafin ka tambayi kuɗi ka duba tazarar tudu tsakanin diddige da yatsu.

Mai tudun diddige, milimita 10 zuwa 12, yana sauƙaƙa wa agara, amma yakan ƙara wa gwiwa kaya. Shi nake zaɓar wa sabon shiga da ke dira da diddige a kan kwalta, in dai gwiwarsa lafiya lau take. Mai shimfiɗaɗɗen tafi, daga sifili zuwa milimita 4, akasin haka yake yi: gwiwa ta samu sa'ida, agara da sha-raɓa su ɗauki nauyin. Yana da amfani ga mai fama da gwiwa, sai dai a shige shi sannu a hankali cikin makonni, in ba haka ba agara za ta yi tsami.

Na ukun shi ne mai farantin kabon, wato siririn falle mai tauri, a cikin soson tafinsa, irin Vaporfly da kamfanin Nike ya fitar a 2017, wanda gwaji ya nuna yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin ɗari. Da wani takalmin Nike irin wannan ne ɗan tseren Kenya Eliud Kipchoge ya gama kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019. Amma a kan ƙwararru masu sauri aka yi gwajin. Mai sassarfa ribarsa ba ta kai haka ba. Ga tsada, ga saurin lalacewa, ga tsayin soso da ke sa ƙafa tangal-tangal a titin da ke da ramuka. Ni dai ban ga dalilin sayensa don zagayen filin wasa na Surulere ba.

Sabo ko gwanjo? Soson takalmi kan mutu tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kuma na gwanjon Yaba ko Katangowa ba ka san tafiyar da ya sha ba. In aljihu ya tilasta, danna soson da babban yatsa. Idan bai dawo ba, ko gefensa ya yi tamoji, ajiye. Dora shi a kan tebur ka ga ko ya karkace gefe guda. Ka je awo da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake gudu da ita, ka bar sararin faɗin babban yatsa a gaba, sannan ka nemi mai kaya ya bari ka ɗan yi sassarfa a gaban rumfarsa kafin ku yi ciniki.