Na sa wa Hilux ɗina LED da fitilar hazo, ga yadda na same su

Duk mai tuƙa Hilux Vigo, irin waɗanda aka yi daga 2004 zuwa 2015, ya san motar nan ba ta da matsalar inji ko ƙafa, amma fitilar gabanta in ta kwana biyu sai dai addu'a. Ni da ita nake ɗauko masara daga Saminaka ta hanyar Pambeguwa, wani lokacin kuma citta ta hanyar Kachia, kuma duk yadda ka so ka taso da wuri sai lodi ya ɓata maka lokaci dare ya same ka a hanya. Toh shi ya sa na canza fitilun gaba ɗaya, kuma tunda sun ga damina sun ga hunturu, ina ga yanzu zan iya faɗin abin da na gani ba jita-jita ba.

Abu uku na saya. Ƙwan LED mai lamba H4 na fitilar gaba, fitilar hazo ruwan ɗorawa guda biyu ta cikin bamba, sai doguwar sandar LED ɗin nan da ake ɗaurawa a gaban mota wadda samari ke mutuwar so. Ƙwan da fitilar hazon a Ori Apata, kasuwar kayan mota a nan Kaduna, na samo su, aikin haɗawa kuma wani mai wayarin ne a Panteka ya yi min. Farashi ba zan rubuta ba don kafin ka gama karantawa ma dala ta motsa an ƙara kuɗi.

Na farko dai kar kwali ya ruɗe ka. Nawa an rubuta 20000LM, wato lumen 20000, ma'aunin yawan haske, da manyan baƙi har da hoton walƙiya, alhali ƙwan halogen H4 na kamfani mai wat 60/55 haskensa wajen lumen 1000 ne a dim, 1650 a ful. Yanzu fisabilillahi ɗan ƙwan da bai kai halogen ɗin shan wuta ba shi ne zai ninka shi sau goma sha? Rubutu ne kawai. Yana da haske, eh, ya fi halogen nesa ba kusa ba, fari tas irin 6000K a ma'aunin launin haske, allon gefen hanya da fararen layukan kwalta tun daga nesa kake hango su, kuma batir ya huta don ba ya jan wuta sosai. Amma ba irin abin da kwalin ke faɗa ba.

Kafin ma a sa ƙwan, mai wayarin ɗin ya dubi gilashin fitilar ya ce, “Alhaji, wannan ko rana ka saka a ciki ba za ta fito ba.” Gaskiyarsa kuwa, robar ta yi jawur ta dushe saboda zafin rana. Ya sa yaronsa ya bi ta da samfefa yana zuba ruwa, ya fara da lamba 1000, ya koma 2000, ya gama da 3000, aka goge da man goge fenti sannan aka fesa mata kiliya mai kare rana. Da tsohon ƙwan halogen ɗin aka fara gwadawa bayan gogewar, kuma wallahi a nan kaɗai hasken ya ƙaru sosai har na fara tunanin ko in mayar da LED ɗin shago. Idan aljihunka ba nauyi ka fara da wannan. Sai dai ka tabbata an fesa kiliyar, in ba haka ba nan da wasu watanni za ta sake dushewa fiye da da.

Wajen haɗawa an ɗan sha fama. Ana sa ƙwan dim ya kama, aka ɗaga ful shiru, shuɗiyar alamar nan ta dashbod ma ba ta kawo ba. Ashe Toyota na wancan zamanin ta ɓangaren nagatif suke yanke wutar fitila, halogen ba ruwansa da ta ina wuta ta shigo amma wasu LED ɗin sai an bi musu yadda suke so. Sai da ya sa wayarin mai rile a tsakani sannan komai ya daidaita. Ina roƙon duk wanda zai yi aikin nan ya tsaya a kan mai wayarin, kar a yanke masa wayar mota a murɗa a naɗe da salatif, a yi amfani da soket, don ranar da LED ya mutu maka a daji ka iya zare shi ka mayar da halogen da hannunka. Ni har yau tsofaffin ƙwayayena biyu na cikin aljihun dashbod a naɗe da tsumma.

Inda maganar take shi ne saiti, kuma nan ne yawancin mutanenmu ke cutar juna a titi. Gidan fitilar Vigo mai madubi ne a ciki, an ƙera shi ne don ɗan siririn zaren halogen da ke zaune a wani takamaiman wuri, toh in ka kawo LED da idanunsa ba su zauna daidai wurin da zaren yake ba, hasken watsewa yake yi sama da ƙasa, kai a ciki kana jin daɗi kana ganin har ganyen bishiya, wanda ke tahowa kuma ka makantar da shi. Ka bi bayafas ɗin Nnamdi Azikiwe da daddare ka ga abin da nake faɗa, kowa ful kowa fari fat, mai Keke da mai mashin sai lalube. Idanun LED ɗin gefe da gefe ya kamata su kalla, ɗaya dama ɗaya hagu, ba sama da ƙasa ba, kuma akwai ɗan zobe a gindinsa da ake juyawa har a samu hakan.

Bayan magariba muka kai motar gaban wata katanga inda ƙasa ke a shimfiɗe, muka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa muka ja layi da gawayi a jikin katangar, muka ja baya mita 10, aka kunna dim. Ƙa'idar ita ce bakin hasken ya sauka ƙasa da layin da kamar santimita 10. Nawa sama da layin yake da fiye da taƙi guda kafin a taɓa shi. Da sukudireba kawai ya juya ƙusoshin bayan fitilar har ya sauko, minti kaɗan. Tun daga ranar da wuya wani ya watsa min ful don jin haushi.

Sai kuma abin da masu a-kori-kura ke mantawa. Ka ɗora buhunan masara a baya, bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗaga, dim ɗinka ya koma ful ba tare da ka taɓa komai ba. Tawa ba ta da maɓallin sauke fitila daga ciki, don haka na ce a ɗan ƙara sauke min ita ƙasa kaɗan, tunda yawancin tafiyar darena da kaya nake yi. In motar ba kaya nisan hasken yana ɗan raguwa, na haƙura da hakan.

Wani abu kuma ga masu son canza gidan fitilar gaba ɗaya su sa mai furojekta da ɗan zanen haske a gefe. Suna da kyau a ido, na gani. Amma Vigo a Tailan aka fi ƙera ta kuma su ta hagu suke tuƙi, mu kuwa tun 1972 muka koma hannun dama. Fitilar da aka yi wa masu bin hagu haskenta ta hagu yake ɗagawa, wato kai tsaye cikin idon mai tahowa a titinmu, gefen da masu tafiya a ƙasa da shanu suke kuma ta bar maka shi a duhu. Kafin ka biya ka sa a jona ta da batir a haska bango, in ka tsaya a bayanta ɗagawar ta dama ya kamata ta yi.

Fitilar hazo ita ce abin da ban yi zaton zan fi so ba, kuma ita ce ta fi komai araha a cikin ukun. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu in ƙurar nan ta sauka, da asuba a hanyar Zariya ko ka bi bayan tirela a inda kwalta ta fashe, farin LED ɗin nan ba ya maka komai, kana ɗaga ful sai ka ga kamar an rataya maka farin zani a gaban gilashi, don hasken ƙurar yake duka ya dawo maka ido. Ita kuwa ta hazo tana can ƙasa a bamba, haskenta faɗi yake yi ba nisa ba, yana bin ƙasa yana nuna maka bakin kwalta da ramuka. Tawa 3000K ce, ruwan ɗorawa, kuma idona ya fi hutawa da ita ko a ruwan Agusta. Amma ni a ganina zamanta a ƙasa da yadda aka yanke haskenta ya fi launin muhimmanci, don na ga masu ruwan ɗorawar da aka ɗaura a saman bonet, ba abin da suke tsinanawa. Kuma ba za ta ba ka damar gudu ba, mita kaɗan take nuna maka, dole ka sauke ƙafa.

Sandar LED ɗin kuwa, hmm. Wat 120 aka rubuta, wanda a batir mai bolt 12 ya kama amfiya 10 kenan, shi ya sa aka ba ta rile da fiyus da makunninta daban daga batir. Haske kam ba magana, a hanyar gona inda ba kowa tana da amfani, kana ganin kwata da kututture tun kafin ka iso. A kan babban titi ba ta kunnuwa sai in mugunta kake ji, a cikin hazo kuma ta fi ful ɗin ma muni. In na ƙirga amfanin da na yi da ita bai kai kuɗinta ba, wanda ba ya shiga daji ya bar ta a shago.

Matsalolin da na gani bayan an jima ana amfani. Ƙwan LED ɗin yana da 'yar fanka a bayansa mai sanyaya shi, ƙurar Kaduna kuma ba ta barin komai, na ɓangaren direba ya fara ƙara kamar zai tsaya sai da aka hure shi da iska a wajen mai faci. Yanzu duk sanda aka yi juyen mai nake sa a hure su. Robar da ke rufe bayan fitila ma sai an kula wajen mayar da ita, ta gefe ɗaya ba ta zauna daidai ba gilashin ya yi gumi a ciki da damina, aka cire aka shanya aka gyara mata zama. Rediyo kuma in na kunna fitila tashar FM mai nisa tana ɗan shiii, ta cikin gari lafiya lau.

Da za a ce in sake sayen su yau, zan goge gilashi, in sayi fitilar hazon, in sayi LED amma in ƙara kuɗi in nemi na kamfanin da aka sani irin Philips ko Osram a wajen wanda zai yarda in dawo masa da shi in ya ba da matsala, don jabunsu ma sun cika kasuwa. Sandar ba zan ƙara saya ba. Ƙanina ma ya ce yana so ya ɗaura a tasa motar ta gona, na ce ya zo ya kwance da kansa ya biya mai wayarin.