Kulocin Golf ɗina da gyaran da aka min a Farin Gada

Jama'a da dama sun tambaye ni ya muka ƙare da motar nan tun ranar da aka ga ana tura ni a Terminus cikin garin Jos, to ga yadda aka yi, kuma zan faɗi inda na ji daɗin aikin da inda raina ya ɓaci.

Motar Golf 4 ce mai giyar hannu. Abin ya fara ne wajen sati uku kafin ta kwanta, da safe in na taka kuloci sai in ji shi laushi kaman na taka soso, sai na buga shi sau uku huɗu kafin giya ta shiga, ribas kuwa sai ta yi ƙurrr kowa a layi ya san na fito. Na ɗora laifin a kan sanyin Jos, ka san mu komai sanyi ne. Ran wata Litinin a cikin go-silo na taka, feda ta tafi ƙasa ta zauna abinta, da ƙafa na saƙalo ta na ɗago, na sake takawa ta sake zama. Masu keke sai hon suke min, wani har da leƙowa wai Alhaji in ba ka iya ba ka sayar mana.

Bakaniken farko da aka kira min ko buɗe bonet bai yi ba, ya zauna ya taka sau biyu ya ce faranti ne ya ƙare, sai an sauke giyabos, a sayi faranti da diski da boris gaba ɗaya. Kuɗin da ya kira sai da na ji jiri. Na ce masa bari in yi shawara. Maƙwabcina direban Jos zuwa Abuja ne, shekara da shekaru yana hawa da sauka a Hawan Kibo, shi ya ce min kar in yarda a taɓa giyar nan sai wani dattijo a Farin Gada ya gani, ya kuma ja ni da igiya har can.

Abin da ya fara burge ni da Baban nan tambaya ce. Ya ce in kana hawa tudu inji na ihu mota ba ta ja? Na ce a'a. Kana jin ƙauri kaman ana ƙona roba? A'a. In mota a kashe take giya na shiga? Na ce lafiya lau take shiga, sai an tada ta take gardama. Sai ya ce to Malam farantinka ba shi da laifi, farantin da ya cinye sulɓi yake yi, naka kuwa ƙin saki yake, matsalar a hanyar mai take. Ya min bayani a tsaye cewa motar ba waya ke jan kulocinta ba, man birki ne, in ka taka feda silindar sama, wadda su ke ce wa ofa kuloc, ta tura mai ta siririn bututu zuwa ta ƙasa da ke jikin giyabos, ita kuma ta tura ƙarfen da ke raba faranti da inji. Duk inda mai ya zube ko iska ta shiga, ƙarfin ƙafarka a banza yake tafiya, dan iska matsuwa take yi, mai kuwa ba ya matsuwa.

Ya buɗe kwalbar man birki, ya sauka sosai kuma ya yi baƙi kaman shayin da aka manta a wuta. Nan gabana ya faɗi na ce Baba ashe ba birki nake yawo, ya ce kwantar da hankalinka, a motar nan kwalba ɗaya suke sha amma bakin tiyon kuloci a sama yake, kuloci zai fara rasa mai tun birki na da saura. Sai ya kunna fitilar waya ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya ɗaga kafet ya ce miƙo hannunka. Na shafa, wallahi jiƙe yake sharkaf, ga mai yana bin sandan feda yana ɗiga. Wata nawa ina ganin takalmina na dama lafiya na hagu yana wani maiƙo, ina zargin yara da zubar da abu a mota. Ya kuma janye robar silindar ƙasa ya duba, a bushe take, ya ce wannan a bar ta, kuma ka gode wa Allah taka a waje take, akwai motocin da tasu ke cikin giyabos, dole sai an sauke giya kafin a kai gare ta.

Kan kaya mun ɗan ja. Ni na so a sa robobi kawai dan sauƙi, shi ya ce bai yarda da cikin silindar ba, in ya karce sabuwar roba sati biyu za ta yi. Na bi yaronsa Dilimi wajen masu sayar da kayan mota muka zaga, akwai sabuwa mai arha a kwali mai kyalli, akwai ta Beljiyam, Baba ya kira a waya ya ce a ɗauko ta Beljiyam amma a tura sandan da hannu a toshe bakin da yatsa a ji ko tana riƙe iska. Mai kuma DOT 4 ya ce, kuma wanda ba a taɓa buɗe murfinsa ba, dan man birki na shan danshi daga iska, shi ya sa ake so a juye shi duk kaman shekara 2. Ya ja min kunne kar in kuskura wani ya zuba min man inji ko na giya a kwalbar nan, kumbura robobin yake har na birki.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Aikin da aka ce awa biyu ne, tun sha ɗaya sai bayan la'asar, dan Baba mota huɗu yake yi a lokaci ɗaya kuma duk wanda ya shigo sai an gaisa har da tambayar gona. Wajen cire iska aka sa yaro a ciki, taka, taka, riƙe, shi kuma yana buɗe ɗan noti a ƙasa, mai na fita da kumfa, sai yaron ya saki kafin a ɗaure, iska ta koma, aka sake daga farko har mai ya ƙare na sayi gwangwani na biyu da kuɗina. Sannan wani cikinsu ya ɗiga man a fenda bai wanke da ruwa ba, washegari na ga fenti ya dusashe a wurin kaman tafin hannun jariri. Na koma na nuna, Baba ya yi wa yaron faɗa ya ba ni haƙuri, amma tabon na nan. Kafet ɗin ma ba su cire sun wanke ba, ni na yi da kaina.

Amma fa gyaran ya yi. Kafin ya ba ni makulli ya sa giya ta ɗaya ya danne kuloci ya riƙe kusan minti ɗaya ya ga ko mota za ta fara rarrafe, ba ta motsa ba. Duka da kaya da mai da kuɗin hannu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na farkon ya nema ba. Yau wata biyu kenan, na je Bauchi na dawo, na sauka Akwanga sau ɗaya, feda na nan da ƙarfinta, ribas na shiga shiru. Ya ce in riƙa leƙa kwalbar duk Juma'a, na ja layi da maka a jikinta, har yanzu mai bai sauka daga kan layin ba. In za ka kai masa mota ka tafi da sassafe, ka kuma riƙe gorar ruwa ka tsaya kusa da fendarka lokacin da yaran ke zuba mai.