Hular haƙori da gada: yadda ake yi a Ingila, da abin da mutumin Zariya zai duba

Assalamu alaikum Yaya, tare da fatan Inna da sauran mutanen gida suna lafiya. Ka tambaya ko ya dace mutum ya tara kuɗi ya fito waje don a rufa masa haƙorin da ya karye ko a cike masa giɓi. In dai hula ce ko gada, shawarata a yi ta a gida, amma a san wanda za a buɗe wa baki.

Hula, wadda likitoci ke kira kirawun, murfi ce da ake kifa wa haƙorin da saiwarsa ke da ƙwari amma samansa ya lalace: ya tsage, ko kogo ya ci fiye da rabinsa, ko an cire masa jijiya ya zama mai saurin fashewa. Gada kuwa ta wanda haƙorin ya fita gaba ɗaya ce. Ana fere na dama da na hagun giɓin, a yi musu huluna biyu, a haɗa su da haƙorin ƙarya a tsakiya. Wato don cike giɓi ɗaya, haƙora uku za a ƙera, kuma a asibitin kuɗi uku za a lissafa maka.

Aikin iri ɗaya ne a Landan da a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. Za a ɗauki hoton saiwar a ga ko akwai ƙurji a ƙarƙashi. A yi allurar kashe zafi, a fere haƙorin: kamar milimita ɗaya da rabi zuwa biyu daga sama in hular tangaran ce mai ƙarfe a ciki, ƙasa da haka in zinare ne ko zakoniya zalla, wato wani irin farin tangaran mai tauri sosai. Sai a ɗauki awo, a sa maka hular wucin gadi ta roba, ka dawo bayan mako biyu zuwa uku a gwada ta gaske a liƙa da siminti. Inda aka bambanta shi ne awon. A nan Ingila asibitoci da yawa sun koma zagaya baki da 'yar kyamara, hoton ya tafi kwamfuta, wasu ma suna da injin da ke sassaƙa hular a wuni guda. A gida galibi ƙullun nan ake cusawa a baki ya daskare, a zuba masa filasta. Ƙullun ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗauki awo da mai araha, a bar shi ya sha zafin Zariya kafin a zuba. Ya motse, hular ta fito ba ta zauna daidai ba.

Batun kuɗi. A Ingila aikin haƙori na gwamnati, wato NHS, mataki uku ne, hula da gada da haƙoran roba suna mataki na uku, wanda a Afrilun 2025 aka sa kuɗinsa fam 326.70. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 da masu juna biyu ba sa biya. Ka ji kamar sauƙi, to amma samun likitan da zai karɓi sabon majiyyaci a tsarin gwamnati shi ne jidalin. A garuruwa da dama sai ka buga waya asibiti bayan asibiti ana ce maka babu gurbi. Kuma a turamen baya sau da yawa hular ƙarfe za a ba ka, fara sai ka biya da kanka. A asibitin kuɗi hula ɗaya takan kama daga wajen fam 500 zuwa sama da 1,000. Ka buga wannan da canjin yau, ka ɗora kuɗin jirgi da biza da masauki. Shi ya sa su kansu Turawan suke kwarara Turkiyya neman araha, wasu su dawo an fere musu lafiyayyun haƙora har ashirin sun zama kamar tsinke, in matsala ta taso kuma likitocin nan su yi ta ɗari-ɗari da taɓa aikin da ba su suka yi ba.

Wannan ne babban dalilina. Hula ba takalmi ba ce da za ka saya ka wuce. A makon farko takan yi tsayi, ka ji ita ke fara haɗuwa in ka rufe baki. Sai an sa takarda mai shuni ka ciza, a ga inda ta taɓa, a rage. In aka bar ta, haƙorin zai riƙa zogi, ko tangaran ɗin ya ɓantare. Wani lokaci jijiyar haƙorin da aka fere takan mutu bayan watanni, sai an huda hular an yi wankin saiwa, wato a cire matacciyar jijiyar a cike gurbinta. Wanda likitansa ke Tudun Wada ko Sabon Gari zai hau Keke ya je. Wanda nasa ke Alƙahira ko Istanbul fa?

Abin da na ga sun fi mu a nan ba kayan aiki ba ne, haƙuri ne da bin ƙa'ida. Ba za a sa maka gada a kan dasashi mai zubar da jini ba, sai an kankare dattin da ya daskare an ga ya lafa. In yanzu aka cire haƙori, akan jira kamar wata uku ko fiye, ƙashi da dasashi su gama janyewa. In aka yi gaggawa, rami zai buɗe a ƙarƙashin haƙorin ƙaryar, tuwo da zaren nama su samu ɗaki. Mai ciwon suga sai sugansa ya daidaita. Haƙorin da ya karye daf da dasashi kuma, in bai rage aƙalla milimita biyu na lafiyayyen jiki da hular za ta rungume ba, ko an kafa masa ƙusa a saiwa ƙarshenta tsagewa zai yi. Duk wannan ba ya bukatar inji, likitan gida ma ya san shi. Majiyyaci ne yakan matsa: biki ya gabato, a yi a gama.

Akwai kuma wata gada da suke yawan yi wa haƙoran gaba a nan, mai ɗan fiffike na ƙarfe da ake mannawa a bayan haƙorin kusa, ba tare da an fere shi sosai ba. Takan ɓalle wani lokaci, amma a sake mannawa, kuma ba a yi asarar lafiyayyen haƙori ba. Duk matashin da ya rasa haƙorin gaba a haɗarin babur ya tambayi wannan tukuna. Dashen haƙori, wanda ake ɗaura ƙusar taitaniyam a ƙashin muƙamuƙi, ya fi kowanne kare maƙwabta, sai dai tsada da jiran wata uku zuwa shida.

Sai haƙorin Makka. Zinare na gaskiya, in likita ya auna ya zuba shi daidai haƙori, yana cikin kayan da suka fi daɗewa a baki, kuma ba ya cin haƙorin da ke karo da shi. Amma kwanson da ake zura wa lafiyayyen haƙori a shago cikin 'yan mintoci wani abu ne daban. Bakinsa ba ya haɗuwa da haƙorin, yawu da abinci su shige, ruɓa ta yi ta aiki a ɓoye ƙarƙashin ƙyalli, sai wari ko kumburi ya tona. Hajiyoyinmu masu shi su je a duba, ko da ba ya ciwo.

In za ka yi a Zariya, ka tabbata likitan haƙori ne mai rajista, ba mai haɗa haƙoran roba kawai ba. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen haƙori. Ka tambayi da me za a yi hular, da inda za a ƙera ta, da wanda zai ɗauki nauyi in ba ta zauna ba. Mai cin goro a wanke masa haƙora kafin a zaɓi launi, domin tangaran ba ya canzawa daga baya. Kafin a sa siminti ka karɓi madubi, ka ciza, ka bi gefen da harshe, a zura zare tsakaninta da na kusa a ji ya shiga da ɗan ƙarfi. In akwai tudu ko rata, kada ka ji nauyin cewa a gyara.

Hula mai kyau takan yi shekara goma, wata ta haura goma sha biyar. Ita ba ta ruɓewa, haƙorin da ke ƙarƙashinta ne ke ruɓewa daga layin dasashi. Asuwaki da buroshi ba sa shiga ƙarƙashin gada, sai zare mai kauri da ake zurawa ta gefe, ko ɗan siririn buroshin tsakanin haƙora, kullum kafin barci. Rake, ƙashin balangu, aya busasshiya da buɗe kwalba da haƙori, a bar wa masu nasu na asali. Irin wannan zaren da buroshin suna wuyar samu a kantunan gida, a nan kuwa ko'ina akwai su. In an yi wa wani gada a gidan, a faɗa mini in sa su cikin saƙon da za a kawo.