Na gwada manhajar warware lissafi saboda ƙanwata mai shirin Bak

Ƙanwata tana Terminal D a nan Garwa, wato ajin ƙarshe na sakandare inda ake shirin jarrabawar fita ta Bak, ni kuwa lissafina ya tsaya tun ajin BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Da ta fara kawo mini tambayoyin dérivée (saurin canjin abu) da limite (ƙimar da abu ke kusanta), sai na saka mata irin manhajar nan da ake haska wa tambaya kyamara ta fitar da amsa. Ba zan faɗi sunanta ba, kada a ce talla nake yi ko ɓatanci.

A aljebra dai manhajar ba ta da wasa. Mun haska mata x² − 5x + 6 = 0, nan take ta kawo delta, lambar da ake fara nema kafin a sami x, ta ce 1 ce, ta ce x ko 2 ne ko 3, da matakai a jere. Yarinyar har da tafi.

Rigimar ta fara ne daga rubutun hannu. Mu da muka yi makarantar Faransanci, 1 ɗinmu yana da ƙugiya, sai manhajar ta riƙa karanta shi a matsayin 7. Waƙafin da muke sa wa 2,5 ma wani lokaci takan ɗauke shi lambobi biyu ne daban. Tazarar ]0, 1[ kuwa, da bakanta masu juya baya, ko kusa ba ta gane ta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne nazarin fonksiyo, wato ƙa'idar da ake zuba wa lamba ta fitar da wata. An ba su f(x) = x³ − 3x. Manhajar ta ce dérivée ɗin 3x² − 3 ne, kuma gaskiyarta. Amma malaminsu tablo, wato jadawali, na hawa da sauka yake nema: a nuna alamar dérivée, a ja kibiya ta hau zuwa 2 a inda x yake −1, ta gangaro zuwa −2 a inda x yake 1, ta sake hawa. Ƙanwata ta kwafe amsa tsurarta, ta dawo da 7 bisa 20 tana kumbure-kumbure. "Yaya, ai amsar daidai ce!" Daidai ce mana, sai dai mai gyara takarda hanyar da aka bi yake ba wa maki.

Daga baya na ƙara mata GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a Ostiriya a 2001. Kyauta ce, kuma tana zana lanƙwasar ko babu intanet, abin da ya yi mana rana a daren da kuɗin data ya ƙare. Ranar da ta ga tudu da kwarin x³ − 3x da idonta ne ta fahimci abin da kibiyoyin nan suke faɗa.

Yanzu wayar tana aljihuna har sai ta gama aikinta a kaye, wato littafin rubutu, sannan mu haska mu duba. Jiya ita ce ta kama manhajar kyamarar ta sake mayar da 1 zuwa 7.